A Kai Yara Su Karanta Tarihi a Jikin Tsohon Ginin Cocin Baftis

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu. Mu malaman tarihi ne da magina a nan Kano, a cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista. Abin da ya haɗa mu rubuta wannan takarda shi ne yadda ake koya wa yara tarihin zamanin Turawa, tun da aka dawo da darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare.

Idan makaranta ta tashi fita da yara, wuraren zuwa sanannu ne: Gidan Makama, Dutsen Dala, ganuwa, Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, wani lokaci Gidan Ɗan Hausa. Duk sun cancanta. Amma Kano ta zamanin mulkin mallaka ba ta tsaya a bakin badala ba. Akwai tashar jirgin ƙasa, akwai Fagge da Bompai da Nassarawa, akwai Sabon Gari da tsofaffin majami'unta. Mun ɗauki ta 'yan Baftis a matsayin misali saboda fasalinta a buɗe yake, yaro ɗan aji biyar zai iya karanta shi da idonsa da igiyar awo.

Mu faɗa tun daga farko, wannan darasin tarihi ne, ba wa'azi ba. Uban da ya tambayi abin da zai kai ɗansa coci yana da gaskiyarsa, kuma dole makaranta ta amsa masa a rubuce kafin ranar tafiya: ba ranar sujada za a je ba, ba wanda zai yi wa yaro wa'azi, ba littafin addini da za a raba. Wanda iyayensa ba su yarda ya shiga ba, rabin aikin ma daga waje ake yin sa.

Kafin a fita, sai malam ya san labarin da kansa. Ɗarikar Baftis ta faro ne a 1609 a birnin Amstadam na ƙasar Holan, a hannun wasu 'yan Ingila da suka gudu daga cocin gwamnatinsu, ƙarƙashin John Smyth. Abin da ya bambanta su shi ne ba sa yi wa jarirai baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, sai wanda ya yi hankali ya furta da bakinsa, kuma daga baya suka tsaya a kan nutsar da mutum gaba ɗaya cikin ruwa. Kowace ikilisiya, wato jama'ar coci guda, ita ke tafiyar da kanta, ba bishop a samanta. A ƙasar nan ɗan mishan ɗin Baftis na farko shi ne Thomas Jefferson Bowen daga Amurka, wanda ya sauka Badagiri a 1850. Ya zauna Abekuta, ya buɗe aiki a Ijaye a 1852, sannan Ogbomosho a 1855. Burinsa ya shigo can cikin ƙasa, amma da ya je Ilori Sarki bai ba shi izinin zama ba. A 1914 majami'un suka haɗu suka kafa ƙungiyar Baftis ta Yarabawa a Ibadan, Mojola Agbebi ne shugabanta na farko, a 1919 aka faɗaɗa sunanta ya zama na Najeriya baki ɗaya.

To yaya aka yi ta iso Kano? Nan ne littattafan yara suka fi yin kuskure, suna nuna kamar Bature ne ya zo da bindiga a hannu ɗaya da coci a ɗaya hannun. Abin bai tafi haka ba. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin Angilikan, har da Dokta Walter Miller, sun iso birni, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Turawa suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka naɗa Sarki Abbas, kuma Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addini ba. Saboda wannan alkawari gwamnatin mallaka da kanta ta daɗe tana taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulunci. Abin da ya kawo coci shi ne dogo. Layin jirgi ya iso Kano a 1911, a 1912 aka buɗe zirga-zirga har Ikko, cinikin gyada ya tashi, akawuna da birkiloli da kafintoci da 'yan tireda suka biyo. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari a wajen ganuwa, layi-layi a miƙe. Sunayen titunan ma shaida ne da yaro zai iya tattarawa: Abeokuta, Zungeru, Freetown, da Gold Coast, wato Gana ta yau. Yarabawa 'yan kasuwa da ma'aikata, da yawansu mutanen Ogbomosho, su ne suka kafa majami'un Baftis a garuruwan bakin dogo na Arewa, da kuɗin aljihunsu, suna sujada da Yarbanci. Kuma ba su ne Yarabawan farko a Kano ba, don unguwar Ayagi tana cikin birni tun kafin Turawa. Yaron da ya gane dalilin da ya sa Ayagi ke cikin ganuwa, Sabon Gari kuma ke waje, ya fahimci babban yanki na siyasar mulkin mallaka.

Babban tarkon da ke kama malamai shi ne shekarar da ke jikin allon ƙofa. Yawanci shekarar kafa ikilisiya ce, ba shekarar gini ba. Misali mafi kyau da za a ba yara yana Amurka, a birnin Providence na jihar Rhode Island, inda cocin Baftis mafi daɗewa a ƙasar yake. Roger Williams ne ya tara jama'ar a 1638, amma sun yi sama da shekara 60 suna taruwa a gidaje da filin Allah, sai a 1700 suka sami ɗaki na farko, a 1726 na biyu. Farin ginin katako da ake ɗauka a hoto yau shi ne na uku, an fara shi a 1774 aka gama a 1775, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Tsakanin 1638 da 1775 shekara 137 ne. Wanda ya ce ginin na 1638 ne ya tsufar da shi da ƙarni ɗaya da doriya.

Wannan gini ya isa darasi guda da kansa. Faɗinsa ƙafa 80, tsawonsa ƙafa 80, an yi shi don mutum 1,200 a garin da mutanensa ba su kai 5,000 ba, saboda an so a riƙa bikin yaye ɗaliban kwalejin garin a ciki, wadda yau ake kira Jami'ar Brown. Joseph Brown ne ya tsara shi, ya ɗauko fasalin hasumiyar daga zanen James Gibbs, wani mai tsara gine-gine a Ingila. Tsayin hasumiyar ƙafa 185, kimanin mita 56, kuma a gutsure-gutsure aka harhaɗa ta aka ɗaga cikin kwana uku da rabi. Su wa suka yi aikin? A 1774 Ingila ta rufe tashar jiragen ruwa ta Boston don hukunta mutanen garin kan ganyen shayin da suka zubar a teku, kafintoci da masu sassaƙa jirgi suka rasa aiki, da yawa suka gangaro Providence. Ga siyasa, ga sana'a, ga lissafi, duk a gini ɗaya. Irin tambayoyin da za a ɗauko ke nan a kawo Sabon Gari: wa ya biya, wa ya ɗora tubali, ta ina kayan suka zo, kuma wannan gini na nawa ne a wurin.

Yanzu ga yadda ake shirya fitar. A rubuta wa fasto da dattawan coci takarda mako biyu kafin lokaci, malam ya je shi kaɗai ya ga wurin tukuna. A zaɓi Talata ko Alhamis, daga ƙarfe 9 zuwa 11 na safe. Aji mai yara 60 kada a shiga da shi a dunƙule, a kasa shi shida, goma-goma, kowane kashi da babba ɗaya. Kayan aiki kaɗan ne: tef na awo mai mita 30, sanda mai tsawon mita 1 daidai, fensir, farar takarda mai ɗan laushi, kirayon baƙi, da waya mai ɗaukar hoto. A guji tsakiyar damina, a kuma guji ranar da hazo ya rufe rana, dalili na tafe.

Aiki na farko neman dutsen harsashin gini ne. Yawanci yana ƙasa-ƙasa kusa da babbar ƙofa ko a kusurwa, da sunan wanda ya aza shi da kwanan wata, da Turanci ko Yarbanci. A ɗora takarda a kansa, a goga kirayon a kwance, rubutun zai fito ko da ido ba ya ganin sa sosai. Kada a kankare shi da burushin ƙarfe ko wuƙa. Sau da yawa fentin mai da aka yi ta shafawa shekara da shekaru ya cike haruffan, kankarewa kuma tana tafiya da bakin harafin har abada. Idan an sami dutse fiye da ɗaya, to an yi ƙari ko an sake gini, kowanne a rubuta shekararsa da inda yake.

Sai kaurin bango, wanda ake aunawa a bakin taga. Bulon siminti na inci 9 da filastarsa ba ya wuce santimita 25 zuwa 28. Idan aka ga santimita 45 ko 60 ko fiye, kuma bangon yana sirancewa yana hawa sama, to akwai alamar ƙasa ce a ciki, tubali ko bulon laka, ko da an lulluɓe ta da siminti. A ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filasta ta saki jikin bangon. Wannan yana taimakawa wajen kintatar zamani, domin kafin masana'antar siminti ta Nkalagu ta fara aiki a 1957 duk simintin ƙasar nan daga waje ake kawo shi, a jirgin ruwa sannan a jirgin ƙasa, yana da tsada, ana tattalinsa a daɓe da bakin taga. Amma a gaya wa yara gaskiya: kauri alama ce kawai, ba hujja ba. Sai ya dace da abin da dutse da takardu suka ce.

Rufi shi ya fi daɗin bayani ga ɗan Kano, don yana da abin kwatantawa a gida. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa 6. Shi ya sa maginanmu suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa kamar baka, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya, kuma da wannan fasaha ta gargajiya aka gina cocin Angilikan na Wusasa a 1929. Zauren da faɗinsa ya kai ƙafa 30 ba ginshiƙi a tsakiya kuwa, sai da dogo ya kawo katakon kudu da kwano ya zama abu mai sauƙi. Yara su ɗaga kai su ƙirga raftocin, su duba ko kusoshi ne suka riƙe su ko noti da ƙarfe. Su lura da tagogi dogaye masu tsinin kai. Tsinin kwaikwayon majami'un Turai ne, tsawon kuwa maganin zafin Afrilu ne a zamanin da babu fanka.

A ciki, abin da ke nuna cocin Baftis ne shi ne inda mumbari yake. A tsakiya yake, yana fuskantar jama'a, saboda karatu da wa'azi su ne gaba a sujadarsu. A gabansa akwai tebur na jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha da suke rabawa don tunawa da Almasihu, ba ado mai yawa, ba siffofi. A bayan mumbarin ko a ƙarƙashin katakon dandamali ake samun kwarmin baftisma, mai matakala, zurfinsa wajen mita 1, yadda ruwa zai kai babba ƙugu ko sama kaɗan. Idan kwarmin na siminti ne mai tayil alhali bangon na ƙasa ne, ƙari ne na baya, don majami'u da yawa a rafi suka fara yi. A tabbata an rufe shi kafin yara su shiga. Sannan a ba su lissafi: benci mai mita 3 yana ɗaukar manya 6 idan kowa ya ci santimita 50, benci 40 ke nan mutum 240. Daga nan sai su tambayi dattawa ko jama'ar farko sun kai haka.

Tsayin hasumiyar ƙararrawa ba sai an hau ba, kuma kada a bar yaro ya hau, don tsanin katako na tsohon gini ba abin amincewa ba ne. A kafa sandar nan mai mita 1 a miƙe, a auna inuwarta, nan take a auna inuwar hasumiya. Idan inuwar sanda santimita 80 ce, ta hasumiya kuma mita 12, sai a raba 12 da 0.8, tsayi mita 15. Abubuwa uku ke ɓata wannan awo. Idan an bari rana ta take, inuwa ta gajarce, kuskuren santimita biyu sai ya zama mita. Idan an fara awon daga gefen bango maimakon daidai ƙarƙashin ƙololuwa, amsa za ta gaza. Idan kuma hazo ne, bakin inuwar ba ya fita. Idan ƙararrawar a ƙasa take rataye, a duba jikinta, sau da yawa akwai sunan maƙerar da shekara. Ita ma tana iya girme wa ginin ko ta zama ƙanwarsa.

Ranka ya daɗe, akwai dalilin da ya sa muke gaggawa. Waɗannan gine-gine suna lalacewa, kuma mafi yawan ɓarnar da kyakkyawar niyya ake yin ta. Ta farko ita ce filastar siminti a kan bangon ƙasa. Yaɓen gargajiya da makuba yana barin bango ya sha iska ya bushe. Siminti kuwa yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, sai wata rana a watan Agusta gefe guda ya zube alhali fuskarsa lafiya lau. Ta biyu ita ce hawan titi. Kowane ciko da kwalta suna ɗaga hanya, har daɓen coci ya koma ƙasa da titi, ruwan kwata ya kwanta a gindin bango. Alamarsa farin gishiri da fenti mai kumbura daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu. Maganinsa magudana ce da za ta janye ruwa aƙalla mita 1 daga bango, ba ƙarin fenti ba, ba kuma manna tayil ba, don tayil tura damshin sama yake yi. Kwano yana fara tsatsa ne a bakin ƙusa da inda falle ya hau falle, ɗigon da ba a kula da shi ba yana jiƙa kan rafta, gara ta biyo damshi. A duba rufi sau biyu a shekara, a watan Mayu kafin ruwa ya kankama da kuma Oktoba bayan ya ɗauke. Inda silin ko rufin na asbestos ne, kada a fasa, kada a yanka da zarto, ƙurarsa tana illa ga huhu. Tsaga a bango kuwa, a ja layin fensir a ƙarshenta a rubuta kwanan wata. Idan bayan wata uku ta wuce layin, ko faɗinta ya kai ɗan yatsa ya shiga, aikin injiniya ne, kuma ba wurin kai yara ba ne sai an gyara.

Ɓarna ta ƙarshe ita ce rushewa don a yi babba. Jama'a sun yi yawa, fili a Sabon Gari ya yi tsada, ba mu ga laifin mai son faɗaɗawa ba. Roƙonmu shi ne kafin a sa guduma a ɗauki hoton kowane gefe ciki da waje, a auna a zana taswirar ginin, a cire dutsen harsashi da ƙararrawa da taga ko da ɗaya ce a adana. Wannan maganar ta shafi tsofaffin masallatai da zaurukan cikin birni daidai wa daida, don abin da ke cin su ɗaya ne.

Takardu sun fi bango saurin tafiya. Rajistar baftisma da ta aure, littafin taron dattawa, rasit na sayen kwano da siminti, su ne ke faɗin sunan birkila da kuɗin da aka biya shi. A ɗauki hoton kowane shafi a hasken rana, ba a cikin rana kai tsaye ba. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, kada a kai shi a narka masa leda, zafi da gam suna cinye tawada kuma ba a warwarewa. A ajiye su a akwatin ƙarfe a kan kanta, nesa da bango, ba a ƙasa ba. Yara ba sa taɓa na asali, hoto ake ba su. Malamin da ke son tabbatar da batun fili da izinin gini zai nemi fayilolin lardin Kano a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ya kuma leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Hira da tsofaffi tana da nata ladabi. Yara biyu ko uku, su durƙusa su gaida Baba ko Mama, tambaya biyar kacal, minti 20. Kada a tambayi tsoho shekara, zai faɗi wadda ya ji ana faɗa. A tambaye shi da abin da ya faru: kafin zuwan Sarauniya ne a 1956 ko bayansa, kafin 'yancin kai na 1960, kafin yaƙin basasa na 1967, lokacin fam da sule ne ko bayan shigowar naira a 1973. Abin da mutum biyu suka faɗa ba tare da sun ji juna ba, a rubuta shi a gefe guda. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, a rubuta a wani gefen da sunan "an ce".

Da aka koma aji, kowane kashi ya kawo shafi ɗaya: zanen ginin daga gaba, awo uku, shekarun da suka samo da inda suka samo kowace. Malam ya ja dogon layi a allo daga 1903 zuwa 1960, yaran su ɗora shekarun cocin a kai tare da zuwan dogo, makarantar Ɗan Hausa ta 1909, da yanka Sabon Gari. Muna roƙon Ma'aikatar Ilimi ta jiha da shugabannin makarantu su sa irin wannan fita sau ɗaya a zangon karatu na biyu, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma zafi bai tsananta ba, shugabannin majami'u kuma su ware mutum ɗaya da ya san ginin, su ba shi mabuɗin akwatin takardu.

Wassalam.

Daga wasu malaman tarihi da magina,
Fagge, Kano.